Yaron Da Ya Ƙi Tuwo, A Miƙa Masa Maburgi

Zuwa ga 'yan uwa mazauna Kurmi, na Badun da Ikko da Shagamu da Abekuta, har zuwa Anacha da Fatakwal, da duk inda neman halali ya kai Bahaushe ya yada zango.  

Yau maganar cikin gida na kawo mana, wadda kusan kowane magidanci a Sabo ya san ta amma ba a cika tayar da ita a majalisa ba, wato rigimar da ake yi da yara kullum dare a kan tuwo. Uwa ta sha hayaƙi ta tuƙa tuwo ta kaɗa miya, a ajiye wa yaro, ya leƙa kwano ya ture, ya ce shi Indomie zai ci, ko biredi da shayi, ko a ba shi kuɗi ya sayo amala a bakin titi. Daga nan sai tsawa, sai bulala, miyar kuka ta koma kukan gaske. Ƙarshenta ko dai yaro ya kwana da yunwa, ko uban ya gaji da surutu ya zaro kuɗi ya ce a je wajen mai shayi. Gobe ma haka za a yi.

Ra'ayina a kan wannan a taƙaice shi ne: yaron da ke zaɓen abinci, a daina jiran sa a bakin kwano, a jawo shi tun daga bakin tukunya. A ba shi aiki a cikin girkin, komai ƙanƙantarsa, mace ce ko namiji. Na san akwai waɗanda tun daga nan za su ce wannan yaro ya zo da tsirfa, to amma ina roƙon a bi ni a hankali a ji dalilaina, in ya so daga baya a yi mini gyara.

Da farko mu gane cewa ƙin baƙon abinci ɗabi'a ce da Allah Ya halicci yara da ita. Masana lafiyar yara sun daɗe da lura cewa daga wajen shekara 2 zuwa 6 yaro yakan yi ɗari-ɗari da duk abin da bakinsa bai saba da shi ba, musamman ganye da abu mai ɗaci ko mai ƙarfin wari, domin harshen yaro ya fi na babba jin ɗaci. Sun kuma ce sau da yawa sai an gabatar wa yaro abinci sau 10 zuwa 15 kafin ya karɓe shi. Mu kuwa sau biyu za a gwada, a na uku a yanke hukunci a gaban yaron a ce "ai wane ba ya cin kuka". Shi ke nan suna ya bi shi, shi ma ya riƙe abinsa kamar gado.

Sai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, mazauna nan. Yaron da ya tashi a Bichi ko Illela ko Haɗeja ya san dawa tun tana gona. Ya ga an zuba ta a rumbu, ya ga sussuka da surfe da bakace, shi ake ɗora wa ƙwarya ya kai niƙa, ya dawo ya tarar ana jiran sa da rariya. Bishiyar kuka tana nan a bayan gari, a gabansa ake ɗebo ganyen a shanya a daka. Ya sha garin ɗorawa har bakinsa ya yi rawaya, saboda haka ya san kalwar da ake daddawa da ita. 'Yan mata kuwa tun ba su iya ɗaura zane ba suke wasan tuwon ƙasa da gwangwani. Kafin tuwo ya shiga bakin wannan yaro ya riga ya shiga idonsa da hancinsa da hannunsa.

Shi kuwa namu na nan fa? Hatsi da kuka da kuɓewa da daddawa duk a buhu suke zuwa cikin tirela, a sauke a Bodija ko Mil 12, a ƙulla a leda a kawo gida. Yaro ya fita boko da sassafe, ya dawo ya wuce Islamiyya, sai gab da magariba ya shigo. Uwar tana girki a lungun gidan haya inda risho uku ko huɗu na maƙwabta ke ci a lokaci guda, da ya matso sai ta ce "fita mini daga nan kafin ka ƙone". Saboda haka haɗuwarsa ta farko da kuka a cikin kwano ce: wani abu kore-kore mai duhu, mai yauƙi, mai warin da bai san daga ina ya fito ba. In an yi masa adalci, ko babba ne aka ajiye wa abin da bai san asalinsa ba sai ya yi jim kafin ya sa hannu.

Ga wata hujja da kowa zai iya dubawa a unguwarsu. Yaron da ke cewa yana ƙin kuka saboda yauƙi, shi ne za ka gani ya share kwanon amala da ewedu a gidan maƙwabta Yarbawa har yana suɗe hannu. Alhali ewedu lalo ce tamu ta gida, kuma yauƙinta bai gaza na kuka ba. Iru da suke sa mata daddawar kalwa ce. Gbegiri miyar wake ce, ila kuɓewa ce, akara ƙosai ne, ita kanta amala tuwo ce ta garin doya ko na rogo. To me ya sa ya ci can ya ƙi nan? Saboda a gidajen Yarbawa tsinke ganyen ewedu aikin yara ne. Ana zube musu dami a tire su zauna su tsinke, namu yaron yana cikinsu yana taya abokansa, yana gani har a kaɗa ta da ɗan tsintsiyar nan da suke kira ijabe. Can an sa shi a ciki, a gida an kore shi.

Haka ma maganar mai shayi. Ana cewa daɗin Indomie ne ke jan yara, kuma gaskiya akwai wannan, domin tun da aka fara yin ta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990 ta shiga kowane lungu, yaran yanzu sun buɗe ido sun gan ta. Amma ku tsaya ku kalli yadda yaro ke yi a teburin mai shayi. A gabansa ake fasa ƙwai, a gabansa ake yanka albasa, ana tambayar sa "a sa attarugu?" ya ce a sa kaɗan, "a soya ko a bar ta da ruwa?" ya zaɓa. Wato a can yana da ta cewa. A gida kuwa sai dai "ci" da "cinye". Ni a rumfar mahaifina na tashi, kuma abu na farko da ɗan kasuwa ke koya shi ne ba a tilasta wa mai saye. Ana barin sa ya taɓa, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya taya. Mai kilishi ma sai ya yago maka ɗanɗano kafin ya faɗi kuɗi. Abin mamaki mun iya wannan dabara da baƙo a kasuwa, amma da mun shigo gida sai mu ajiye ta a ƙofa.

Kada a ce zancen majalisa ne kawai, Turawa ma sun gwada abin. A 2014 wata mujallar kimiyya mai suna Appetite ta buga binciken da aka yi a ƙasar Suwizalan da yara 47 masu shekara 6 zuwa 10. Aka raba su biyu: wasu suka taya iyayensu girka abincin rana, wasu kuma iyayen suka girka su kaɗai. Abinci iri ɗaya ne, taliya da kaza da ganye. Da aka auna abin da kowa ya ci, sai aka tarar waɗanda suka sa hannu sun ci salak fiye da sauran da kashi 76 cikin 100, sun kuma fi cin kazar. Kafin nan, a 2006, an yi wani a Amurka inda aka riƙa matsa wa ƙananan yara su shanye miyar da aka ba su, sai aka ga sun fi sha a ranakun da ba a matsa musu ba, kuma ranar da aka matsa sun fi kushe miyar. Wannan bai saɓa wa abin da muke gani ba. Da yawa daga cikinmu akwai abincin da har yau ba ma son ko ganin sa, in ka bincika za ka tarar da bulala aka ci da mu shi. Ɗura kuwa, wadda har yanzu wasu ke yi wa jarirai da koko ana toshe musu hanci, haɗari ce tsantsa, domin abinci na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu.

To yaya za a yi? Ba wani abu ne mai wuya ba, kuma ba ya buƙatar kicin irin na gidan masu kuɗi. Tabarma da tire da roba sun isa.

Ɗan shekara 3 zuwa 5 zai iya wanke tumatir da tattasai a roba, ya tsinke ganyen alayyafo ko zogale, ya miƙo ludayi, ya jera kwanuka. Ɗan shekara 6 zuwa 9 zai iya tankaɗe gari, ya tsince shinkafa da wake, ya dama garin talge a ruwan sanyi, ya daka ƙuli-ƙuli a ƙaramin turmi, ya murje wake in za a yi alale, ya cura fura. Daga shekara 10 zuwa sama, in babba na tsaye a kansa, sai a fara ba shi wuƙa ya yanka kuɓewa da albasa, a miƙa masa maburgi ya kaɗa miya, ya jefa ɗanwake, ya juya waina a tanda. Tuƙin tuwo shi ne na ƙarshe, saboda yana son ƙarfi kuma talge na fallatsi.

Ni shawarata a fara da abin da hannun yaro zai yi nisa da wuta. Kwaɗon zogale ya fi komai dacewa: uwa ta dafa ganyen ta tsane shi, sauran aikin duk na yaro ne, ya zuba ƙuli, ya sa albasa da tumatir da ɗan gishiri da mai, ya cakuɗa da hannunsa. Da wuya ka ga yaro ya kwaɗa abu bai kai baki ba. Sai kuma ɗanwake, wanda yaran da ke ƙin miyar kuka da yawa suna cin sa da mai da yaji ba tare da sun san da kuka ake kwaɓa shi ba. Ranar da aka ba yaro cokali aka ce shi zai auna kukar ya zuba a garin, ya ga yadda ita da kanwa ke sa ƙullin ya yi danƙo, ya ga yana tasowa saman ruwa in ya dahu, ranar ce zai gane ashe ya daɗe yana cin abin da yake gudu.

Akwai wasu ƙananan abubuwa guda uku da ke taimakawa. Na ɗaya, a ba shi zaɓi tsakanin abu biyu, a ce "yau kuka za mu yi ko kuɓewa?" Kada a ce "me za ka ci?", domin amsar wannan kowa ya san ta. Na biyu, a mayar da shi mai ɗanɗano, a ɗiga masa miya a tafin hannu a ce "ji mini ko gishiri ya ji". Wannan ɗigon shi ma ci ne, kuma yana cikin sau goma sha ɗin nan da ake lissafi. Na uku, in an kai wa maigida abinci a faɗa masa a gaban yaron cewa yau wance ce ta kaɗa miya, shi kuma ya daure ya ce "madalla, Allah Ya yi albarka". In duk da haka yaro ya ce ba zai ci ba, a ƙyale shi ba zagi ba duka, amma kuma kada a tashi a dafa masa wani abu daban, kada a ba shi kuɗin mai shayi. Iyaye ke da ikon abin da za a dafa da lokacin da za a ci, shi kuma a bar masa ikon yawan da cikinsa zai ɗauka. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu bari in zo kan abin da za a ce mini, don na san za a ce.

Iyayenmu mata za su ce yaro ɓata lokaci ne da ɓarnar gari, ga tsadar abinci. Wannan gaskiya ne, aikin minti goma da yaro sai ya kai rabin awa, kuma gari zai zube. Amma a lissafa tuwon da ake zubarwa ko a ba almajiri duk dare saboda an ƙi ci, a haɗa da kuɗin da ake bayarwa na shayi da biredi, a ga wanne ya fi yawa. Kuma ba kullum nake cewa a yi ba. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, ranar Asabar ko Lahadi da babu boko, ko Alhamis da Juma'a da yamma in babu Islamiyya.

Za a ce wuta. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne a gidajen hayarmu inda tukunyar gas da galan ɗin kananzir da katifa duk suna ɗaki ɗaya. Shi ya sa na ce aikin ƙananan yara a kan tabarma yake, nesa da murhu. Mai mai zafi ba na yaro ba ne ko kaɗan, kunna gas ba nasa ba ne, ɗanyen nama da kaza ma a bar wa manya, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a fara. Amma a tuna yaron da aka koya wa yadda ake tsayawa a gaban wuta ya fi aminci a kan wanda ake kora kullum, domin wata rana uwar za ta je unguwa ko asibiti, shi kuma zai gwada shi kaɗai.

Sai babbar magana, wadda maza za su ce: namiji a madafi? So kake ya zama ɗan daudu? 'Yan uwa mu ji tsoron Allah mu dubi kanmu. Wa ke gasa tsire da balangu daga Sabo har Obalende? Wa ke soya ƙwai a teburin shayi? Wa ke yin kilishi? Samarinmu nawa ne suka zo ci-rani suke zaune su biyar su shida a ɗaki ɗaya, wanda ya iya dafa shinkafa da wake a cikinsu shi ne sarki, sauran kuwa rabin abin da suka samu a wajen mai abinci yake ƙarewa? Mu da rayuwarmu ta ginu a kan tafiya, mu ne ya fi kamata mu koya wa 'ya'yanmu maza girki. Ya kuma tabbata daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa aikin gida. Babu wanda ya fi shi mazantaka. Kuma in aka bar aikin ga 'ya'ya mata kaɗai, to an mayar da shi wahala a kansu, su yi ta fama namiji na kwance yana jiran a kawo ya kushe.

Wasu dattawa kuma za su ce yunwa ce ba ta kama shi ba, mu da aka yi mana dole ga mu mun girma. Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, sun yi iya abin da suka sani. To amma a lokacinsu in yaro ya ƙi tuwo babu wani abu sai tuwon. Yanzu kuwa taku goma daga ƙofar gida akwai mai biredi, akwai mai amala, akwai shagon biskit. Yunwa ba ta ƙara zama bulala ba, sai dai ta kora shi waje. A addinance ma an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An kawo masa naman damo bai ci ba saboda ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba, Khalid bin Walid ya ci a gabansa bai hana shi ba. A nan akwai darasi biyu: yaro ya koyi cewa ba a cewa abinci "ƙazanta", mu kuma manya mu koyi cewa rashin sabo uzuri ne. Wanda ya sha hayaƙi ya ga wahalar da ke cikin tukunya ɗaya, shi ne zai fi jin nauyin kushe ta.

Iyaye maza, ku ma akwai naku. Yawancinmu kasuwa muke wuni, cefane a hannunmu yake. Me zai hana ranar da babu makaranta ka riƙe hannun yaronka ku je tare, ka nuna masa yadda ake gane kuka mai kyau da korenta, da daddawa mai kyau da ƙamshinta, ka bar shi ya zaɓi kabewar da za a yi taushe da ita? Sa'annan ko sau ɗaya a mako ka bar cin abinci a waje da abokai, ka zauna ka ci kwano ɗaya da 'ya'yanka. Yaro ba ya raina abin da ya ga babansa na ci da marmari.

Abin da ya sa na damu da wannan magana ya wuce cikar ciki. Sabon Badun tun 1916 aka kafa ta, yau fiye da shekara 100 ke nan, akwai gidajen da jikoki da tattaɓa-kunne duk a nan aka haife su. Abin da ya riƙe mu a matsayin Hausawa duk tsawon wannan lokaci shi ne addini da harshe da tukunya. Ku gwada tambayar yaran gidanku mece ce muciya, mece ce mara, mene ne maburgi, mene ne akushi, mene ne bambancin talge da tuƙi. Da yawa za su gaya maka omorogun kafin su tuna muciya. Ba laifi ba ne su san na Yarbawa, maƙwabtanmu ne, tare muke zaune, kuma abincinsu akwai daɗi, gida biyu ai maganin gobara ne. Amma waɗannan kalmomi namu ba a koyar da su a boko, ba a koyar da su a Islamiyya, a bakin murhu kaɗai ake jin su. In aka kori yaro daga nan, an kore shi daga wani yanki na harshensa. Ranar da aka kai shi gida hutun Sallah, kakarsa ta tuƙa masa tuwon dawa da man shanu don murna, ya ture ya ce a sayo masa biredi, kunyar ba tasa ba ce, tamu ce.

Abu na ƙarshe, a bambanta zaɓen abinci da ciwo. In yaro na ramewa, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, ko yana yawan amai da gudawa, ko abinci na sarƙe shi, ko abin da yake ci duka-duka bai wuce kala biyu ko uku ba kuma ba ya ƙaruwa, wannan ya wuce maganar maburgi, a kai shi asibiti a duba shi. Amma mai lafiya da ke guje-guje yana wasa, sai dai ya ga kuka ya murtuke fuska, wannan ku jawo shi kusa ku ba shi rariya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya gwada a gidansa ina so in ji yadda ta kaya, ko ta yi ko ba ta yi ba, musamman daga iyayenmu mata, domin su ne masu ɗakin, su suka san inda yake yoyo. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a abin da muke ci, Ya kuma ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu.